Zakara da Na'urar da Ta Daina Karatu

Da sunan Allah nake farawa, kuma gare Shi nake neman gafara idan na ɓata tawada a kan abin da bai kai ba. Magabata idan za su rubuta tarihin mutum sukan ambaci nasabarsa, da malaman da ya ɗauki ilimi a wurinsu, da abin da ya bar wa na baya. Wanda zan ba da labarinsa nasabarsa ba ta da aibi, domin ɗan ƙanina ne. Sana'arsa ɗinki, kuma ba zan zalunce shi ba: ranar da ya ga damar zama a kan keke, wuyan rigar da zai fitar ba ya bukatar gyara. Sai dai ba da ɗinki aka san shi ba. Duk layinmu Zakara ake ce masa, har masu furfura, saboda wai tun yana saurayi ba a taɓa cinye shi a ƙwallon na'ura ba. Wannan laƙabi shi ne abin da ya tara a shekara arba'in da ɗoriya, kuma ya fi tsaron sa fiye da makullin shagonsa.

Ga wanda Allah ya kare daga sanin wannan fanni, bayaninsa shi ne: wani baƙin akwati ne da bai fi ƙamus kauri ba. Ana haɗa shi da talabijin, a saka masa faifai, sai wasu ƙananan mutane su bayyana suna gudu a kan ciyawa. Baligai biyu kuma su zauna, kowa da abin riƙewa mai igiya wanda suke kira hannu, suna danne-danne da manyan yatsu, suna ihu kamar ana raba musu gado.

Ya sayi tasa na'urar tun yana yaron shago a wurin wani tela. Da ita ya yi aure, da ita ya buɗe shagon kansa a ƙasan benen da muke zaune. Wurinta kan kanta ne, sama da teburin guga, tsakanin gwangwanin allurai da tarin ƙyallaye, inda tururi ke bugun ta daga ƙasa, burbushin yadi kuma yana sauka mata daga sama. Sa'o'insa suka girma, wasu suka bar wasan, wasu suka koma sababbin na'urori. Shi kuwa sai ya fitar da fatawa: wasan sabuwar na'ura ba wasa ba ne, kuma sarautar da aka samu a kan wannan akwati, a kansa kaɗai za a iya karɓe ta.

Daga nan akwatin ya tsufa. Idan aka saka faifai sai ya juya, ya yi ƙara kamar tsoho mai gyaran murya, ya yi ƙas, ƙas, sannan rubutu ya fito a talabijin cewa an kasa. A yarensu wai na'urar ba ta karatu. Ranar da na fara jin haka na ce masa, "To, ai ta yi gadon mai ita." Bai yi dariya ba.

Na shaidi jinyar da idona, domin akwai rigata a wurinsa da ya yi wa alli ya rataye tun ban fara dogara sanda ba, nakan sauko bayan la'asar in zauna a benci ko ganina zai sa ya ji kunya. Ban taɓa ganin mai jinya mai ladabi irinsa ba. Yakan ɗauki faifan da gefen yatsu, ya ɗaga shi wajen haske, ya hura masa numfashi, ya goge da ƙyallen auduga daga tsakiya zuwa baki. Goge shi a kewaye, a mazhabarsa, babban laifi ne. Idan bai yi ba sai ya shafa masa man goge baki, ya wanke, ya jingina shi da almakashi ya bushe. Idan bai yi ba sai ya kifa akwatin a kan cikinsa, ko ya tsayar da shi a gefe ɗaya ya tokare da dunƙulen zare. Akwai lokacin da na same shi ya sa shi gaban fanka, wai zafi ne ya hau masa kai. Washegari kuma ya naɗe shi da bargo, wai sanyi ne.

Kowane magani kuwa da isnadinsa. "Mai wankin mota ne ya faɗa mini, shi ma daga wansa ya ji, wansa kuma a waya ya gani." Ruwaya ke nan wadda babu amintacce ko ɗaya a cikinta, amma yakan karɓe ta da hannu biyu. Natsuwar da yake yi a gaban akwatin nan, kai a sunkuye, numfashi a riƙe, yana sauraron juyin faifai, da zai kai rabinta sahu, da mun daɗe da ba shi limanci.

Na ce masa wata rana, "Kai, ga mai gyaran rediyo can a ƙarshen layi. An ce akwai wani ɗan gilashi a ciki da suke kira ido, shi ke dushewa. Ka kai masa mana."

Ya ce, "Baffa, ba ka san mutanen nan ba ne. Su cire maka na asali su sa na jabu. Ni na san ciwonta, saura kaɗan."

Saura kaɗan ɗin nan ta yi shekaru. A lokacin na ɗauka wauta ce kawai.

Matarsa tana da ƙane, direban babbar mota, ƙato mai dariya da dukan ciki, wanda yake kashe zaman jiran lodi da irin wannan wasa. Duk sanda ya dawo daga tafiya sai ya leƙo shagon.

"Ranka ya daɗe, Zakaran duniya! Yaya mai jiki? Ta farfaɗo ko mu fara karɓar gaisuwa?"

"Kai dai ka gode wa Allah da ba ta da lafiya. Da tuni na koya maka tuƙi."

"Ga tawa a mota, sabuwa fil. In ɗauko?"

"Wannan ta yara? Ka kai wa 'ya'yan yayarka."

"Wallahi yaya, kai ne mutum na farko da na ga ya yi ritaya ba tare da ya sanar ba."

Haka suke yi, masu jiran ɗinki suna dariya, Zakara yana goge faifai. Har ranar da ya tafi kasuwa sayen zare. Direba ya hau sama ya karɓi makulli a hannun yayarsa, wadda ta miƙa masa tana cewa, "In ta ƙi gyaruwa ka wuce da ita bola, man goge bakin yara ya huta." Ya buɗe shagon, ya ɗauki na'urar ya kai wa mai gyaran rediyo. Aka buɗe, aka kwashe burbushin yadi da zai cika ƙaramin matashi, aka sauya idon, aka mayar da ita kan kanta kafin mai ita ya dawo.

Ina kan benci lokacin da ya shigo. Direba ya tara mutane, har mai wankin mota, ma'abucin ruwaya. Ya ce, "Yaya, yau dai gwada mana sau ɗaya, don albarkacin Baffa."

Zakara ya ajiye ledar zare, ya yi murmushin wanda ya san ƙarshen zance. Ya hura, ya goge, ya saka. Faifai ya juya shiru. Kiɗa ya tashi, ciyawa ta bayyana koriya shar.

Shago ya kaure da sowa. Ni kuwa fuskarsa nake kallo. Na ga mutanen da aka yi wa albishir, na kuma ga waɗanda aka karanta wa hukunci, kuma na san bambancinsu. A nan na fahimci cewa ɗan ƙanina bai taɓa neman lafiyar na'urar nan ba. Ciwonta yake kiwo.

Ya ce igiyar hannun ta saki. Aka nuna masa lafiyarta ƙalau. Ya ce akwai ɗinkin gaggawa; mai ɗinkin da kansa ya ce ya yafe. Ya dube ni ya ce, "Baffa, ai la'asar ta yi nisa, ko?" Na ce, "An yi ta tun ɗazu, da sauran lokaci kafin magariba." Ban taɓa jin ya tambayi lokacin salla ba sai ran nan.

Aka sauko da akwatin kan ɗan tebur, suka zauna. Ban san ƙa'idar wasan ba, amma na san ihu, kuma duk ihun ɓangare ɗaya yake fitowa. Direba ya ci, ya sake ci, ya ƙara, yana cewa, "Yi haƙuri yaya, birki ne ya ƙwace." Yatsun da ke zura zare a allura ba tare da dubawa ba suka riƙa laluben maɓallai kamar baƙi a garin. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga.

Ana cikin haka na ga gwiwar Zakara ta dama ta matsa a hankali, ta sami ƙafar tebur, ta yi mata bugu ɗaya mai kyau. Akwatin ya zabura. Ƙananan mutanen suka daskare, ɗaya da ƙafa a sama, sannan talabijin ta yi baƙi.

Ya miƙe tsaye, muryarsa ta dawo. "Kun gani ko? Abin da nake faɗa ke nan! An sa mata na jabu! Wasan da bai ƙare ba kuwa ba wasa ba ne, kowa ya sani."

"Kai yaya, ji tsoron Allah! Tebur fa ka buga!"

"Ni? Ga Baffa nan, mutumin da bai taɓa ƙarya ba. Baffa, don Allah, ba da kanta ta tsaya ba?"

Kowa ya juyo gare ni. Shaida amana ce, kuma shi ya neme ta, ba ni na kawo kaina ba.

Na ce, "Na'urar dai ta yi karatu, har da tajwidi. Gwiwarka ce ta rufe mata littafi."

Direba ya faɗi a kan tarin ƙyallaye yana riƙe da ciki. Mai wankin mota ya fita da gudu don ya isar da ruwayar, wannan karon da isnadi ingantacce. Kafin a kira magariba, wata mata ta leƙo da yadi a hannu, ta dube shi ta ce, "Sannu, Tela." Ya waiwaya bayansa yana neman wanda take nufi.