Abin da Likita Ya Gani a Cikin Ƙarina

Shekarar da aka yi mini aiki ina koyarwa a wata firamare a Dutse, ina zaune ni kaɗai a ciki da falo na haya. Mijina ya daɗe da rasuwa, 'yata guda kuma tana aure a Ringim. Ciwon ya faro da kumburin ciki. In na ci loma uku sai in ji na ƙoshi, zanina ma ya daina zagaye ni yadda ya saba. Na sha maganin gyambon ciki har na gaji kafin a tura ni hoto, daga nan aka ba ni takarda zuwa wani babban asibiti a Kano. Can aka ga ƙari, aka ce kansa ce, wato ciwon daji, ta ƙwan mahaifa. Aka cire ƙarin, aka ce zan riƙa zuwa duk bayan sati uku ana ɗaura mini ruwan magani.

'Yata ta raka ni sau biyu. Tana da goyo, kuma mijinta direba ne ba ya zama, sai na ce ta bari. A zuwa na uku ne na gamu da Madam a benci muna jiran kira. Doguwar mace ce, Kirista 'yar Filato, tana aiki a sakatariyar jiha. Ta leƙa katina ta ce, "Malama, ke ma daga Dutse? To me ya sa muke shiga mota dabam-dabam?"

Ciwonmu iri ɗaya ne, ranakunmu ma ɗaya. Tun daga nan muke haɗuwa a tasha da sassafe, mu zauna gaba kusa da taga saboda amai. Takan zo da gwaten acca a fulas, ni kuma in kawo dafaffen zogale da ƙuli. Da gashinmu ya zube, ni ba wanda ya sani tunda kaina kullum a rufe yake. Ita ce ta sha wahala da hular gashi mai ƙaiƙayi, har na koya mata ɗaurin ɗankwali a cikin mota, tana duba fuskarta a madubin direba tana dariya.

Bayan mun gama ruwan, likita ya kira ni ofishinsa. Mutum ne mai son bayani, ko don ya ji ni malama ce. Ya juyo mini da kwamfuta, na ga hoto ruwan hoda mai ɗige-ɗige. Ya ce yanki ne na ƙarin da aka cire mini, an duba shi a madubin asibiti mai ƙara girman ƙananan abubuwa.

"Kin ga waɗannan ƙananan masu duhu? Ƙwayoyin garkuwar jikinki ne. Mukan ce musu sojojin jiki. Sun shiga har tsakiyar ƙarin, kuma da yawa."

Na ce, "To, Likita, alheri ne ko akasin haka?"

Ya ce, "Alama ce mai kyau. Matan da ake samun su haka, galibi ciwon yakan daɗe bai dawo ba. Amma ba alkawari na yi miki ba, Malama. Zuwa asibiti yana nan."

Na fito da murnata na faɗa wa Madam, ban tsaya na yi tunani ba. Ta ce ita ma bari ta tambaya. Ta daɗe a ciki. Da ta fito muka kama hanya, sai da muka wuce Wudil ta faɗa mini.

"Nawa ba su shiga ba," ta ce. "Ya ce suna nan a gefe, sun tsaya a bakin ƙarin. Kaɗan ne ma."

Na ce, "Ai ya ce ba alkawari ba ne. Rai na hannun Allah."

"Haka ne. Shi ma haka ya ce." Ta gyara ɗankwalinta. "Kada ki ɓata fuska saboda ni. Ki yi murnarki."

Ban iya ba. Har muka shigo Dutse ina kallon gonakin gero ta taga, ina jin kamar an raba abinci an ba ni, ita an tsallake ta, a gabana.

Kafin damina ta zagayo cikinta ya sake tasowa. Aka mayar da ita kan wani ruwan, ranakunmu suka saɓa. Nakan je gidanta ranar Asabar da yamma in share mata ɗaki, mu zauna a tabarma a ƙofa. Matan cocinsu suna zuwa ranar Lahadi, amma ta ce da su sai ta yi ta nuna ƙarfin hali, ni kuwa tana iya ce mini ta gaji. Ba ta sake tayar da maganar hoton ba, ni ma haka.

Daga baya yayanta ya zo da mota ya tafi da ita gida Filato. Muka riƙa waya, muryarta tana raguwa, har ya zama 'yarta ce ke ɗauka. Wata Talata ana hutun tara a makaranta, yara suna guje-guje a fili, 'yar ta kira ta ce, "Mama, Mamana ta tafi da safen nan." Na ce Allah ya ba su haƙuri. Aka kaɗa ƙararrawa, na shiga aji na koyar da lissafi.

Ban samu zuwa jana'izar ba, jikina bai kai ga doguwar tafiya ba. Abin da ya fi tsaya mini shi ne ba wanda ya yi mini gaisuwa. Maƙwabtana ba su san ta ba, abokan aikina sun san dai ina da wata da muke zuwa asibiti. Kwana uku na yi ina dawowa daga makaranta in zauna a falo kamar mai karɓar ta'aziyya, ba wanda ya yi sallama.

A zuwana na gaba na tambayi likita ko akwai abin da na ci, ko na yi, da ya sa nawa suka shiga nata suka tsaya. Ya cire gilashinsa ya ce, "Ba abin da kika yi, ba kuma abin da ta kasa yi. Har yanzu masana suna neman dalilin." Na so a ce ya ba ni wani abu da zan riƙe, ko da laifi ne.

Yanzu shekara ta huɗu ke nan, gwaji yana fitowa lafiya, kuma an mayar da ni duk wata shida. 'Yata tana ta matsa mini in koma Ringim kusa da ita idan na yi ritaya. Na ce mata zan duba, ban dai ba ta amsa ba tukuna.