Baba A-Koma, Jagoran Kwazazzabo

Sunansa na gaskiya yana nan a takarda, amma ko matarsa sai ta ɗan yi tunani kafin ta tuno shi. Baba A-Koma kowa yake ce masa. Shekara ashirin da shida ke nan yana yi wa masu yawon hawan dutse jagora, yana shiga da su kwazazzabon da ya ratsa tsakanin manyan duwatsun bayan gari, kuma babu maganar da ta fi saurin fita daga bakinsa kamar "a koma". Ana tsakiyar tafiya, rana tarwai, ana ta ɗaukar hoto, sai ka ga ya ja birki, ya ɗaga hanci sama, ya tsuguna ya ɗebi ruwan ƙorama a tafin hannu ya ƙura masa ido. In ka ga haka, to fara ɗaure igiyar takalminka.

Gajere ne siriri, ƙafafunsa sun ɗan gwame. Kayan aikinsa ba yawa: igiya a kafaɗa, usur a wuya, sanda, da hular kwano da ta sha faɗowar duwatsu har ta lotsa ta gefe ɗaya. Kowace safiya yakan jera baƙi a rumfar bakin hanya, ya bi takalmansu da kallo ɗaya bayan ɗaya kamar mai sayen akuya. Wanda ya zo da silifas, mota zai koma ya jira. Sauran kuma su sha jawabinsa, wanda har direbobi sun haddace.

"Ku buɗe kunne. Ruwan da ke cin mutum a kwazazzabo ba a kansa ake yin sa ba. Can bayan duwatsu yake sauka, ku kuna nan cikin rana kuna washe baki. In kun ji usur sau uku, kar a gudu gaba, kar a gudu baya, ruwa ya fi ku ƙafa. Sama za a hau. A bar jaka, a bar waya."

Kullum wajen waya ne gunaguni ke tashi.

A gida ma bai bar hali ba. Ya taɓa sa matarsa kwashe shanya sau uku a wuni ɗaya, ko ɗigo bai sauka ba. Wata rana sun kama hanyar zuwa ganin 'yarsu, an ci rabin tafiya, ya leƙa ta tagar mota ya ce shi wancan gajimaren bai kwanta masa ba. Matar ko kallonsa ba ta yi ba, ta ce, "Baban yara, ka sauka ka koma. Zan gaishe maka da ita." Bai sake leƙa taga ba har aka isa.

Wahalar aikinsa ita ce, in ya mayar da mutane sau goma, sau tara ruwan ba ya zuwa, ko ya zo bai taka kara ya karya ba. Baƙi su fito rai a ɓace, sun taso daga nesa ba su ga inda ruwa ke zubowa daga kan dutse a ƙarshen kwazazzabon ba. Tsohon manajan wurin ya san hali, dariya kawai yake yi. Sabon manaja kuwa matashi ne, ba shi da mugunta, amma yana tsoron abin da baƙi ke rubutawa a intanet fiye da yadda yake tsoron hadari. Shi ya kira Baba ofis.

"Baba, a watan nan sau huɗu ka dawo da mutane. Na duba hasashen yanayi a waya, an ce ba ruwa, kuma ba a yi ba. Don Allah ka yi haƙuri, amma in aka sake ba dalili, sai dai ka koma ƙofa kana duba takalma, samari su riƙa shiga."

Kujerar ƙofar ta roba ce, fara, an ɗaure mata ƙafa ɗaya da waya. Baba ya fito ya tsaya yana hararar ta. Mutumin da ya san kowane dutse a kwazazzabon nan, a ce ya ƙare a kan wannan? Abin ya ci masa rai ƙwarai, tsoro kuma ya shige shi, irin wanda bai taɓa ji a bakin aiki ba.

Ranar Asabar aka haɗa shi da ma'aikatan wani ofis su takwas. A cikinsu akwai wani ƙato mai kyamara, bakinsa ba ya hutawa. Tun a rumfa ya ce, "Baba, mun sha labarinka. Yau dai ka yi mana rai, ko da hadari ya zo ka ce masa ba ka nan." Aka kwashe da dariya, Baba ma ya yi yaƙe.

Sama garau. Bayan awa biyu suka shiga matsatsin wuri, inda in ka buɗe hannu za ka taɓa bangon dutse dama da hagu, ruwa iya idon sawu. A nan akwai wata hanya mai sauƙin hawa, ko tsohuwa za ta haye ta. Daidai wurin Baba ya ga busasshen ganye ya zo ya wuce, sai wani, sai ɗan tsinke. Ya ɗebi ruwan, ya ga ya fara komawa kamar shayin da aka ɗiga wa madara. Iska mai sanyi ta buso da ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Hannunsa ya kai kan usur, sai farar kujerar nan ta faɗo masa a rai. Ya saki usur ɗin, ya ce, "Mu je."

Minti goma suka ƙara gaba. Da ɗanyen reshe ya zo da kumfa ya daki ƙafarsa, ya busa usur sau uku da duk iskar da ke ƙirjinsa.

Hanya mai sauƙi tana baya, ba lokacin komawa gare ta. Abin da ya rage wani dandamalin dutse ne can sama, sai da igiya. Baba ya haye kamar ƙadangare, ya ɗaure igiya ya cillo. Bakwai suka hau, wasu da ƙafa, wasu da ciki. Saura mai kyamara, ya rungume jaka yana cewa abincin ranarsa ne a ciki. Baba ya ce, "Ɗana, ko ka sake ta ko ta sake ka." Ya saki. Mutum huɗu suka ja shi, yana lilo yana kiran sunan mahaifiyarsa.

Ƙafarsa ba ta gama hawa ba aka ji rugugi kamar tirela ta ƙwace. Ruwa ja wur ya karyo kwana da itatuwa da duwatsu, tsayinsa ya fi mutum biyu. Ya tafi da jakar, ya tafi da takalmin mai kyamara ƙafa ɗaya.

Awa huɗu suka yi a takure kafin ruwa ya janye. Da suka fito, manaja ya rungume Baba, ya ce masa ya manta da duk abin da aka faɗa a ofis. Baƙi suka yi ta ɗaukar hoto da shi. A gida matarsa ta ɗauko man zafi tana shafa masa a gwiwa, tana jiran ya fara cika baki, don ta san ko yayyafi ya canka daidai sai unguwa ta ji. Ta ji shiru. Ta ce, "Baban yara, lafiya?" Ya faɗa mata komai. Ta ce ai ba wanda ya sani. Ya ce shi ya sani.

Washegari da safe ya shiga ofis, ya zauna ba a ce ya zauna ba.

"Manaja, na gama shiga da mutane. Jiya na ga ruwan tun muna wurin da ke da sauƙin hawa. Na gane shi sarai. Na wuce da su, don ina tsoron rasa aikina. Abu ɗaya nake roƙo: duk jagoran da ya dawo da baƙi, kar a sake kiransa ofis, ko da ruwan bai zo ba."

Manaja ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Na ji, na ɗauka. Amma Baba, ai kowa ya fita lafiya."

"Da ƙyar. Mai kyamarar nan, da muna zaune a kan dutse, ya zaro hoton 'ya'yansa daga aljihu ya nuna mini. Su huɗu, ƙaramar ko haƙori ba ta yi ba. Yana ta yi mini godiya yana kuka, ni kuwa na kasa kallon hoton."