Kawu Sabo, Ɗan Bask na Funtuwa

Kun dai san hular nan ta marigayi Kawu Sabo: baƙa, ta ulu, shimfiɗaɗɗiya kamar faifai. Rana na narka kwalta a unguwar Al-Sadd, nan ƙasar Larabawa, shi ko yana tafe da ita, gumi sharkaf. In na ce ya cire sai ya ce, "Mu mutanen Bask ba ma cire hula saboda rana." Mu? Kawu, ɗan Funtuwa ne fa kai!

Kwas ɗin injiniya kawai aka tura shi Bilbao, ya dawo mana da sabuwar ƙabila. Kada ka kuskura ka ce Sifen ya je. "Ƙasar Bask! Jahilci dai bai yi ba."

Wata Juma'a ya gayyato Mikel, ɗan Bask na gaske daga wurin aikinsu, cin tuwo. Kawu ya saki baki da yarensu. Mikel ya riƙe ciki don dariya, ya ce, "Kakata ta ƙauye ce kaɗai ke magana haka!" Ashe wurin tsohuwar da ta ba shi haya a Bilbao Kawu ya koya. Kawu ya dube mu: "Kun ji ko? Nawa na asali ne, nasa na makaranta." Har aka wanke hannu yana gyara wa mutumin yaren uwarsa.

A zaman ne ya rantse Hausa da Bask dangi ne. Na ce, "To me kaka take nufi a wurinsu?" Mikel ya sunkuyar da kai, ya ce kashi. Kawu ya ce, "Dangin nesa nake nufi."

Sai ɗaga dutse, wasan gadonsu wai. A bakin tekun Al-Wakra ya rungumi wani ƙato, ya yi nishi, dutse bai motsa ba, baya ya riƙe. Matarsa, Gwaggo Hajara, ta ce, "Khalas, Alhaji? An gama ke nan?" Yana kwance a yashi ya ce, "Dutsen Larabawa ne, bai san hannu ba."

Amma a ciwonsa na ƙarshe ya gaya mini tsohuwar nan da ta ba shi haya, tana yarinya, dukanta ake yi a makaranta in ta yi yarensu. Shi ya sa in 'ya'yanmu suka gaishe shi da Turanci yake kau da kai, sai sun ce "Ina kwana, Baba." Yau 'yata tana hira da kakarta a waya da Hausa, ba tafinta.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya yafe masa, Ya sanyaya makwancinsa. Amin.