Hular Ma'aikatan Asibiti

Tun da na auri 'yarta, ni da surukata ba mu taɓa haɗa ido ba. Ba faɗa muke ba, haka aka rene mu. Idan na je gaishe ta a ƙauyensu da ke gefen Katsina, daga bakin ƙofa nake durƙusawa, in kafe idona a kan tabarma, in ce, "An wuni lafiya?" Ita kuma ta ja mayafi, ta juya gefe, ta ce, "Lafiya lau, ya aiki?" Shi ke nan an gama. Ba ta taɓa ganin na kai loma baki ba. Sunanta kuwa a takarda kawai na san shi, bakina bai taɓa furta shi ba. Hajiya nake cewa.

A gida wannan abu ne mai sauƙi, domin akwai zaure, akwai tsakar gida, kowa da shiyyarsa. To ka ɗauko wannan kunyar ka cusa ta a ɗan gida mai ɗaki biyu a can saman bene a unguwar Thamesmead, a ƙasar Turawa, ban-ɗaki ɗaya, da wani siririn lungu da mutum biyu ba sa wucewa sai kafaɗa ta gogi kafaɗa. Haka muka samu kanmu da matata ta haifi 'yarmu ta fari. Aiki aka yi mata, ba ta iya miƙewa sosai, sai Hajiya ta zo zaman jego. Kafin in fito daga ɗaki sai na yi gyaran murya, ita kuma kafin ta fito sai ta ja silifas da ƙarfi. Tuwo kuwa a tsaye nake cinsa a kicin, ƙofa a rufe, kamar wanda ya sato.

Muna cikin haka wata rana aka tashi da iska mai ƙarfi. Tun safe take tasowa daga wajen kogi, tana dukan tagogi, ga ruwa haɗe da ƙanƙara. Da hantsi wuta ta ɗauke. Na yi dariya ma, na ce wa matata, "To, gida ya biyo mu." Dariyar ba ta daɗe ba. Abin ɗumama gidan da gas yake aiki, amma sai da wutar lantarki yake tashi. Murhun girkinmu na lantarki ne. Lif ya tsaya. Saƙo ya shigo waya cewa ana kan gyara, ba a san lokacin da za a gama ba. Kafin azahar kana magana kana ganin hucin bakinka a cikin falo.

Na bi ƙofofi da tagogi ina cusa tawul da tsumma a duk inda iska ke shigowa. Ɗakinmu ne ya fi riƙe ɗumi, don ƙarami ne kuma bayansa ba ya fuskantar iska. Na kwaso barguna na zuba a can, na ce wa matata ta kira Hajiya, kowa ya taru wuri ɗaya.

Ta ɗaga murya daga kan gado. "Inna, wai ki zo nan ɗakin, ya fi ɗumi."

Daga ɗayan ɗakin Hajiya ta ce, "Ki ce an gode. Nan ma lafiya lau."

Bango ɗaya ne tsakaninmu, ina jin ta tana jina, amma sai an bi ta kan 'yar aike. Na ce, "Ki ce mata ni zan koma falo."

Hajiya ta ce, "Haba, ina ni ina korar mutum daga ɗakinsa?"

Na fita duk da haka. Na zura babbar rigar sanyi, na ɗauko hulata ta ulu daga ƙusar da take rataye kusa da ƙofar Hajiya. Shuɗiya ce mai tuntu a ka, matata ta tsane ta, ta ce ina kama da ɗan firamare. Na zauna a falo ina kaɗa ƙafa, ina jiran in ji jan silifas. Shiru. Matata ta sake kira, ta ce ai ya fita. Sai na ji Hajiya ta rage murya ta ce, "Ke, ba ki da hankali ne? In hau gadon surukina?"

Wallahi raina ya ɓaci. Ga tsohuwa mai ciwon ƙirji a ɗaki mai sanyi, ga ni a falo haƙorana na haɗuwa, ga ɗaki mai ɗumi babu kowa sai mai jego da jaririya. Na yi ta tsaki a ciki ni kaɗai. Amma in tashi in ce mata, "Hajiya, ki daina wannan, ki zo," wannan bakina ba zai iya ba. Ni ma irin tarbiyyar aka yi mini.

Can na ji ƙamshin turaren wuta ya cika lungun. Har na ji daɗi, na ce ta samu abin yi. Kullum tana kunna shi a wani kaskon ƙasa da ta zo da shi naɗe cikin zani, da 'yan ƙananan gawayin nan masu kamawa da ashana. Ban kawo komai a raina ba, har barci ya ɗan fizge ni a kujera.

Da na tashi yin alwalar la'asar kaina na sarawa. Ina wucewa na ga baƙin gari a ƙasa, daga ƙofar baranda har bakin ɗakinta. Na leƙa barandar. Buhun gawayin da muka rage na gashin naman Sallah a buɗe yake. A ƙauyensu duk lokacin sanyi da kaskon garwashi take kwana, tun tana yarinya, kuma bai taɓa yi mata komai ba, domin ɗakin can iska na shiga ta ko'ina. Tagogin nan kuwa gilashi biyu ne, ba sa shan iska. Ƙasan ƙofarta ma a toshe yake da tawul.

Na tsaya a ƙofar na yi sallama. Shiru. Na yi gyaran murya, na sake sallama, na ce, "Hajiya?" Shiru. Matata ta ji ni, ta fara ƙwala kira, "Inna! Inna!" tana ƙoƙarin saukowa daga gado tana dafe da ciki. Na ɗora hannu a kan mariƙin ƙofar, sai hannun ya ƙi. Ban taɓa shiga ɗakin da take ciki ba. Idan kuma barci take, ba mayafi fa?

"Ka buɗe mana!" Matata ta yi ihu. "Uwata ce!"

Na buɗe. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Tana kwance a gefe a kan sallaya, carbi a hannu, kaskon cike da garwashi ja a gabanta. Daga ita sai 'yar riga da zani. Ɗankwalin ya zame ya faɗi, ga kanta a waje, furfura fari tas, an yi mata ƙananan kitso. Abin da na fara yi shi ne kawar da kai. A irin wannan hali, kawar da kai na fara yi. Sannan na banka taga, iska ta shigo ta watsa toka, na sunkuya na ɗauke ta.

Ba ta da nauyi ko kaɗan. Wannan matar da nake jin tsoron jan silifas ɗinta, ashe ba ta fi yarinya nauyi ba. Kanta ya faɗo a kafaɗata, ina jin numfashinta sama-sama a wuyana. Matata tana waya da masu motar asibiti tana kuka, suka ce kowa ya fita daga gidan. Na yi waje da ita, na kama matakala a cikin duhu tunda babu lif. Maƙwabta suka yi ta buɗe ƙofofi suna haska mu da waya. Wata Bayarabiya da ke kusa da mu ta jefa mini bargo, ta ruga ta taimaka wa matata da jaririyar. Ni kuwa duk hawan da na sauka, sai in ji kamar in roƙi mutane su kashe fitilunsu. Surukata ce a hannuna, ba mayafi, kowa yana kallo.

A ƙasa na zaunar da ita a bakin ƙofar shiga, na jingina ta da jikina, na naɗe ta da bargon. Kanta ne ya rage a waje, iska tana kaɗa furfurar. Ban iya jurewa ba. Na cire hulata na sa mata, na ja ta har kunnuwa.

Motar asibiti ta iso, wata Baturiya ta duro da jaka, ta sa mata abin shaƙar iska a fuska. Matata ba ta ƙaraso ba, tana can tana saukowa a hankali saboda ɗinki. Baturiyar ta juyo ta tambaye ni sunan mara lafiyar. Na ce Hajiya. Ta ce shi ne a fasfo? Na ce a'a. Ta ce to wanda ke fasfo take so. Na faɗa can ƙasa-ƙasa. Ta ce ba ta ji ba, iska ta yi yawa, in ɗaga murya. Na ɗaga murya na kira sunan surukata gatsau, kamar ina kiran ƙanwata ta kawo mini ruwa.

A daidai nan Hajiya ta buɗe ido. Fuskata ce a saitin tata. Muka kalli juna, ni da ita, karo na farko tun da aka ɗaura aure. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ta lumshe ido, ta juya kai gefe, ni ma na sunkuyar da nawa.

An duba mu duka a asibiti. Jaririyar da uwarta lafiya lau, alhamdulillahi, ni ma ciwon kai ne kawai. Hajiya aka riƙe ta kwana. Likitan ya ce gubar hayaƙin garwashin ce ta shaƙa, da an ƙara jimawa da labari ya sha bamban. Washegari aka sallame ta, wuta ma ta dawo, gida ya yi ɗumi.

Amma ta shige ɗaki ta rufe. Ba jan silifas, ba turare, abinci sai ta taɓa kaɗan ta ture. Da yamma matata ta same ni a kicin idonta ya yi ja. Ta ce Inna ta ce a canja mata tikiti, gida za ta koma a satin nan. Ko arba'in ba a yi ba, ɗinki bai warke ba, ni kuma hutuna na aiki ya kusa ƙarewa. Na ce saboda me? Ta ce, "Ka fi ni sani. Ta ce da wane ido za ta zauna a gidan nan?"

Na je bakin ƙofarta na durƙusa a inda na saba, na kafe idona a ƙasa, duk da ƙofar a rufe take. Na yi sallama. Sai da aka jima ta amsa.

"An wuni lafiya? Ya ƙarfin jiki?"

"Da sauƙi, alhamdulillahi."

Gwiwata ta fara ciwo, ban tashi ba. Can ta ce, "Jiya, wa ya sauko da ni?"

Na ce, "Ma'aikatan asibiti ne, Hajiya. Mata ne su biyu. Ni ina can wajen jaririya, ban ma ga fitarku ba."

Allah ya yafe mini, a durƙushe na shirga wannan ƙaryar. Sannan na ji ta ja numfashi.

"To," ta ce. "Allah ya yi musu albarka. Allah ya jiƙan iyayen da suka haife su."

Iyayena duka sun rasu, kuma ta sani. Na ce amin, na tashi na koma kicin.

Ba a sake ta da maganar tikiti ba. Da safe na ji jan silifas a lungu, na yi sauri na koma ɗaki har ta wuce. Ta zauna har aka yi arba'in da 'yan kwanaki, ba mu sake haɗa ido ba, kuma har yau ba mu sake ba.

Ranar da za ta tafi, ina ƙasa ina loda akwatuna a mota, matata ta sauko da wani abu a hannu ta miƙa mini. Hulata ce, an wanke ta, an ninke, sai ƙamshin turaren wuta take. Matata tana dariya tana share hawaye.

"Inna ta ce in ba ka," ta ce. "Wai idan ka bi ta wajen asibitin, ka mayar wa ma'aikatan nan hularsu."