Faifan Kakana a Ramin Duhan

Ni dai a bakin kakata na fara jin jaz. Ba rediyo, ba kaset. Tsohuwa ce kawai zaune a kan angarib, gadon nan namu na igiya, ta kumbura kumatu tana busa cikin tafin hannunta. Farkon mulkin soja ne, a tsohon gidanmu na Umdurman, lokacin da wutar lantarki ba ta kai wa isha'i sai da rabo. Tana ɗaukewa sai ni da yayata Asiya mu jawo murhun gawayi tsakar gida, Kaka ta ɗora tulun gahawarta, ƙamshin citta ya bi ko'ina.

Sunana Haruna, sunan mijinta, shi ya sa har ta koma ga Allah ba ta taɓa kama sunana ba.

"Maigida, fifita wutar nan. Cefane babu, sutura babu, fifitar ma sai an roƙe ka? Ni dai na yi asarar miji."

Yaran maƙwabta tatsuniyar kura da dila ake ba su. Mu faya-fayan garmaho ake ba mu. Sai ta gyara zama ta ce, "Ga faifai nan a gabanku." Mu ce, "Ya juya mu ji shi."

Kakan nawa ban same shi ba. Tela ne a kasuwa da rana, in rana ta faɗi kuma sai ya haye Khartoum da ƙahon nan na tagulla mai lanƙwasa da ake ce wa saks, ya yi ta busa a wani kulob a bakin Nilu. Ya mutu ya bar ƙahon, da garmaho, da tarin faya-fayan da ma'aikatan jirgin ƙasa suka riƙa kawo masa daga bakin teku. A cikinsu akwai wani ɗan ƙarami da ƙungiyarsu ta buga da kanta. Shi kaɗai ne wurin da numfashin mutumin ya rage a duniya.

Da sojoji suka hau, sai kiɗa ya koma abin ɓoyo. A tsayar da biki tun dare bai yi nisa ba, a kwashe kayan makaɗa, a tafi da wanda aka ga dama. Babana ma'aikacin masaƙa ne a Bahri, can hayin kogi, mutum mai gudun fitina, ga shi mu 'yan asalin yamma ne, kakanninmu a nan aka binne su amma kullum sai an tambaye mu daga ina muke. Wata safiya ya naɗe ƙahon a buhu, ya sake shi daga kan gada. Ya sayar da garmahon. Sannan ya tsuguna gaban Kaka ya ce, "Inna, don Allah ki ƙone faya-fayan nan, ina da yara." Ta ce, "Na ƙone." Mu duka muka yarda.

Kaka ba ta karatun boko, don haka ba ta san sunan ko ɗaya daga cikin makaɗan ba. Hoton da ke jikin kwalin faifai take dubawa ta raɗa wa mutum suna, ta ƙera masa tarihi. Na farko kullum Mai Dariya ne, kuma tatsuniyarsa ce ta fi zama mini.

Wai can bayan teku akwai wani gari a bakin kogi, cike da mutanenmu. Mu ƙafa ta kawo kakanninmu nan suna neman Makka, su kuwa sarƙa ce ta kai su can. Sarkin garin ya lura ganga tana yawo da gulmarsa, sai ya sa aka ƙwace duk wata ganga. Gari ya yi tsit. Ana nan sai wani maraya ya tsinci ƙahon da sojan sarki ya yar a juji, duk ya lotse. Ya kafa a baki da niyyar kuka, sai ƙahon ya fashe da dariya. Dogarai suka rugo su kama shi, suka tsaya suka saurara, suka ce ai wannan dariya ce, ba dokar da ta hana ta, suka juya. Amma duk wanda aka kawo a jirgi, yana ji ya san kuka ne. Sai kowa ya nemi gindin bango ya zauna ya yi nasa, sarki na can bene yana jin daɗi wai talakawansa na cikin nishaɗi.

Asiya ta taɓa tambaya, "Kaka, daga baya an mayar musu da gangunan?"

"Wa kika taɓa gani ya mayar da abin da ya ƙwace? Allura ta kai ƙarshe, ku tashi ku kwanta."

Kaka tana da doka, kuma ba ta wasa da ita: jaz ba a shigar sa ta ko'ina. Sabon kunne da Mai Dariya zai fara, don busarsa a sarari take, ko akuya za ta iya bin ta. In ya zauna maka, sai Bazawara, wata mai waƙa da fure a gashi. "Kullum a makare take. Makaɗa sun yi gaba, ita tana baya tana jan zane, ka ce ta rasa motar, sai ka gan ta ta riga kowa sauka. Ita za ta koya maka haƙuri." Bayanta Mai Tuntuɓe, mai fiyano, wanda za ka rantse kuskure yake yi sai ka ji ya maimaita kuskuren da gangan. Mai Zazzaɓi kuwa, mai saks ɗin da ba ya shan iska, can nesa ake ajiye shi.

"In baƙo ya sauka daga tafiya, tuwo kake fara tura masa ko ruwa? Mai sunanka bai san wannan ba. Ina amarya, ko lallena bai goge ba, ya ce zo ki ji abin da na fi so a duniya, ya ɗora mini Mai Zazzaɓi. Wallahi na ɗauka aljanu ya tara a akwati. Na suri mayafi, sai gidanmu. Sai da aka yi biko!"

Mu yi ta dariya har da riƙe ciki. Amma in na ce ta busa mana na ƙarshen, na Kakana, sai fuskarta ta canza. Ta ce wannan ba a kwaikwayon sa.

Na fara zama saurayi lokacin da ta kira ni ɗakinta wata rana, ta sa na tura ƙofa.

"Maigida, kana da zurfin ciki?"

Na ce ina da shi.

"Ban ƙone ba."

Kash, ban san yadda zan kwatanta abin da na ji ba. Mutumin da nake ɗauke da sunansa, wanda ko hotonsa mai kyau ba mu da shi, ashe yana nan cikin gidan yana jira a ɗora masa allura. Daga ranar ba ni da wani buri sai in ji shi. Na tambaye ta inda suke, ta ce in na sani fuskata za ta faɗa wa ubana.

A lokacin ban sani ba, amma ga inda suke. Kowace matar aure a nan tana da ramin duhan a lungun gida, inda take kunna itacen talha, ta lulluɓa da bargo ta zauna a kai, hayaƙin ya gyara fata ya bar ƙamshi. Mace in mijinta ya mutu ta gama da shi. Na Kaka tun takabarta aka kife shi da tsohuwar tasa. Rami ne irin na da, mai faɗin ciki. A ƙasansa ta jera faya-fayan cikin tsumma, ta bi da toka ta rufe. Ta yi lissafi daidai: ba ɗan sandan da zai zura hannu a ramin duhan na tsohuwa, ɗanta kuwa ko kallon wajen ba zai yi ba don kunya.

Saura garmaho. Ta aike ni unguwar Dar Salam, can bayan gari, wurin Ammu Jibrin, mai gangar ƙungiyar su Kakana a da, wanda ya koma sayar da ruwa a keken jaki. Yana da wani tsohon garmaho da ake wanawa da hannu, a ƙarƙashin gado. Da ƙyar ya yarda. Ya ce in dawo masa da shi kafin magariba, in kuma an tare ni a hanya bai san ni ba. Na sa shi a kwandon albasa na hau bas, ina ƙanƙame da shi a kowane shingen sojoji.

Baba na wurin aiki, Umma da Asiya sun tafi suna. Kaka ta kore ni zaure, da ta kira ni na tarar da faifai ɗaya tak a cinyarta. Mai Dariya. Muka cusa tsumma a bakin garmahon don kada maƙwabta su ji. Allura ta sauka, ta yi ƙasar-ƙasar, sai ƙahon ya tashi. Wallahi yadda ta faɗa haka yake. Yana dariya. Muka juya shi, muka sake juyawa, har inuwa ta kai bango.

Na ce, "Kaka, lokaci na tafiya. Ɗauko nasa."

"Kunnenka ɗanye ne."

"Don girman Allah. Sau ɗaya."

"Haba Maigida, daga ruwa sai ka tsallake zuwa nama? Yau Mai Dariya. In Jibrin ya sake ba mu, Bazawara. Za ka kai gare shi, ina za shi?"

Na yi magiya, na yi fushi, na yi hawaye, ƙato da ni. Ko gezau. Na mayar da garmaho ina zagin dokarta a zuci tun daga Umdurman har Dar Salam.

Ba a jima ba aka sa ranar auren Asiya da wani ɗan unguwarmu da suka daɗe suna son juna. A daidai lokacin ƙanwar Kaka ta kwanta ciwo a Bahri, Kaka ta tafi jinya. Amarya kuwa sai ta yi makonni tana zaman duhan kafin biki. Ruwan damina ya rusa ramin Umma, sai matan dangi suka ce ai ga na Kaka, ramin albarka, mai shi ta yi zaman aure har mutuwa ta raba. Suka ɗaga tasar, suka ga toka, suka jera itace a kai.

Asiya ta yi ta ƙorafi wai hayaƙin warin taya yake. Umma ta ce mai itacen ne ya cuce ta, ta sayo wani, ta ƙara wuta don ƙamshin ya danne. Ni ma na ji warin daga zaure, har da tsokanar Asiya wai angonta zai ɗauka bakanike ya aura.

Ranar da Kaka ta dawo, a bakin ƙofa ta tsaya da ƙullin kayanta. Ta shaƙi iska. Ba ta yi ihu ba. Ta ce a miƙo mata muciya, ta wuce lungun, ta durƙusa ta tona. Abin da ta ciro dunƙule ne baƙi, duk sun narke sun manne, kamar ƙanzon tukunya. Tana riƙe da shi Baba ya shigo.

Ya dubi dunƙulen. Ya ce, "Inna, kin ce kin ƙone su."

"To ga shi na ƙone. Hankalinka ya kwanta."

Sai ya zauna a ƙasa, da kayan aikinsa, ya ce a hankali, "Da na san faifan babana yana nan, da na roƙe ki in ji shi ko sau ɗaya." Ban taɓa ganin hawayen ubana ba sai ranar. Kowa a gidan nan yana son abu ɗaya, kowa kuma yana ɓoye wa ɗan'uwansa, har wuta ta raba gardama.

Aka yi biki, aka kai amarya. Lantarki ya ci gaba da ɗaukewa, muka ci gaba da jawo murhu, ni da Kaka kaɗai. Ba ta ƙara ce mini na kasa cefane ba. Wani dare, ba tare da na roƙa ba, ta haɗa tafinta ta busa mini na Kakana. Sanyi gare shi, yana hawa a hankali kamar mai ciwon gwiwa a matakala. Washegari ta sake busawa, sai na ji tsakiyar ta bambanta. Ita ma ta ji. Ta tsaya, ta koma farko, ta sake ɓata a wuri ɗaya, ta sauke hannu ta ce gahawar ta huce. Damina biyu bayan nan ta rasu.

Na girma na yi neman faifan nan kamar mahaukaci. Ba rumfar tsofaffin kaya da ban tsuguna ba a kasuwar Umdurman. Ammu Jibrin ya ce nasa tun tuni ya fashe, sauran abokan kuma wanda bai mutu ba ya bar ƙasar. Sauran makaɗan, su Mai Dariya, na samo faya-fayansu duka daga baya, na gane fuskokinsu, na san sunayensu na gaskiya. Kuma tsarin Kaka daidai ne. In matashi ya ce mini yana son shiga jaz, shi nake ba shi: fara da tsofaffin masu ƙaho na farkon zamani, ka bi da mata masu waƙa a hankali, sai masu fiyano, masu gudun nan ka bar su sai kunnenka ya nuna. Ba wanda ya taɓa dawo mini ya ce na ɓatar da shi.

Amma na daɗe da daina yarda cewa don kunnena ta hana ni a ranar. Sai da na binne tawa matar na gane. Akwai saƙon muryarta a wayata, ban taɓa iya buɗewa ba, kullum sai in ce gobe. Kaka tsoro take ji. Muddin faifan na cikin rami, mijinta na da sauran magana da bai faɗa ba. Ta ɗauka lokaci zai jira ta shirya, ni ma ga shi haka nake ɗauka, kuma sanin bai sa na fi ta ƙarfin hali ba. Ban ga darasin da ya amfane ni a ciki ba. Abin da aka ƙwace ya tafi, abin da muka ɓoye don kada a ƙwace shi ma ya tafi.

'Yata ƙarama takan ce in busa mata na Kaka Haruna, in haɗa tafi in yi iya abin da na riƙe. Kwanan baya ta tsayar da ni a tsakiya.

"Baba, rannan ba haka ka yi ba."

Na ce haka ne.

"To wanne ne nasa?"

Na buɗe baki in amsa, sai na tuna ba sauran mai rai da zan tambaya.