Fuskar Anti Gyara

Idan ka taɓa shiga shagon hoton nan na bayan tashar mota ka fito da hoton da ya fi ka kyau, to aikin Anti Gyara ne. Ita ce ke zaune can ƙurya bayan labule, gaban kwamfuta, wata tsohuwar fanka na yi mata surutu a ka. Dogo ke ɗaukar hoto, Maigida ke tarbar mutane ya kuma fitar da hoton a takarda, ita kuwa fuska ce aikinta. Tabo, ƙurji, jan ido, maiƙon goshi, duk sai ta bi ta share, ta bar mutum sumul har ya riƙa tambayar ko shi ne. Dokar shagon kuwa kowa ya haddace ta: hoto ba ya fita ɗanye. Ko na katin aiki ne, sai an ɗan shafa shi.

To ita mai share na mutane, sai ga ta da nata. Ta haura talatin amma ƙuraje sun ƙi sakin fuskarta. Kuma ba irin ƙananan nan na 'yan mata masu tasowa ba. Nata manya ne, a haɓa da muƙamuƙi har gefen wuya, su yi zamansu can cikin fata suna zogi, in sun gaji sun tafi su bar mata baƙin tabo, wasu su maye gurbin.

Abin da ya fi ƙurajen ƙona mata rai shi ne likitocin hanya. Mutum bai san ta ba, ba ta san shi ba, ya zo karɓar hotonsa, sai ya karkace kai ya fara rubuta mata magani da baki.

"Baiwar Allah, kin gwada man goge baki?" in ji wata dattijuwa.

"Na gwada, Mama. Haɓar ta yi ta ƙamshi, ƙurajen kuma suna gaishe ki."

Wani ya ce lemon tsami, wata ta ce ta daina cin maiƙo, wani ma ba kunya ya ce wanka ne ba ta yi sosai. Wannan kam sai da Dogo ya shiga tsakani, don ta riga ta miƙe. A gida kuma Umma na nan da nata, kullum da sabon sabulu ko wani mai da maƙwabciya ta rantse a kansa. Anti Gyara ta dirji fuskar nan kamar gindin tukunya, shekara da shekaru, tana fita tana ɗaga kai tana mayar wa kowa magana, ta dawo ɗaki ta tsaya gaban madubi ranta a jagule.

Ba ƙurajen ne ma suka kai ta asibiti ba. Al'adarta ce ta ɗauke wata da watanni, ga wasu 'yan gasu masu kauri da suka fara tsirowa a haɓa, ga ƙiba da ba ta san daga ina take ba. Likitar mata ta sa aka yi mata gwajin jini da hoton ciki, sannan ta zaunar da ita ta yi mata bayani a tsanake. Ta ce sinadaran jikinta ne suka rikice, ƙwan haihuwa ba ya fitowa a kan lokaci, kuma wannan rikicin ne ke fitowa a fuska. Ta ce mata da yawa na fama da shi ba su sani ba.

"Ba ƙazanta ba ce," in ji likita. "Ki daina dirzar fuskarki, ƙara ɓata ta kike yi."

Wata da murna za ta yi. Ita Anti Gyara haushi ne ya turnuƙe ta, haushin duk shekarun da ta yi tana wanke laifin da ba ta aikata ba. Tana isa gida ta kwashe kwalaben da ke kan madubi ta zuba a leda ta kai bola, Umma na biye da ita tana cewa ai wancan ko rabi bai yi ba.

Daga nan ta kama dokar likita da hannu biyu. Ƙwaya da safe, mai sa ta tashin zuciya har ta kasa kallon abinci. Wani mai da take shafawa kafin ta kwanta, mai sa fata ɓawo. Sabulu mara ƙamshi. Ba hoda, ba matse ƙurji, ko da ya nuna yana kiranta. Ta rage sukari a shayi har shayin ya koma ruwan zafi, ta rabu da lemon kwalba, ta riƙa sauka daga mota tun kafin tasha ta ƙarasa shago da ƙafa. Likita ta riga ta gaya mata abin ba na gaggawa ba ne, sai an yi watanni kafin a gane ko maganin ya karɓe ta.

Sai kuma maganar hoto. Likita ta ce ƙurajen nan zuwa suke su tafi, ranar da mutum ya zo asibiti ba ta isa a yanke hukunci ba. Don haka duk wata ta ɗauki fuskarta, gaba da gefe da gefe, ba hoda, a haske iri ɗaya, ta tara ta kawo ranar da za a sake duba ta. Da su za a gane ko a ci gaba da wannan ƙwaya ko a canza mata wata.

Anti Gyara ta yi dariya. Hoto ai gida aka zo. Wayarta ba za ta yi ba, don ita da kanta take lallaɓa fuskar mutum ko ba a sa ta ba. Sai ta riƙa zaunar da Dogo da safe kafin mutane su fara shigowa, ya ɗauka da babbar kyamara, ta sa a kwamfuta ta ajiye su wuri guda ba ta taɓa su ba. Dogo ba ya cewa komai sai "ɗaga haɓa, Anti." Shi ya sa take shiri da shi.

Ta ƙwallafa rai a kan hotunan nan ƙwarai. A ganinta ƙwayar ba ta yi mata komai sai wahala, kuma su ne shaidarta. So take ta shimfiɗa su gaban likita ta ce ga shi nan, a canza.

Ana gobe za ta koma asibiti aka ce ta je a sake ɗibar jininta. Layi ya yi tsawo, ta ga ba za ta dawo da wuri ba, sai ta kira Maigida a waya ta ce ya taimaka ya fitar mata da hotunanta, ta gaya masa inda suke. Washegari ta same su a kan teburinta cikin ambulan ɗin shago, an liƙe baki tsaf. Ta jefa a jaka ta wuce. Ranar kuwa fuskar ta tashi sosai, wani ƙato ya fito ƙarƙashin kunne, ko gyale ya goge shi sai ta ji har ƙwaƙwalwa.

Likita ta farke ambulan ta jera hotunan a tebur. Ta dube su, ta ɗago ta dubi Anti Gyara, ta sake duban su.

"Ai kin samu sauƙi sosai a watannin nan. Me ya faru kwanan nan? Kin daina shan maganin ne?"

"Ni? Ko rana ɗaya ban tsallake ba."

"To hoda kika koma? Ko wani mai aka ba ki? Gaya min gaskiya, ba faɗa zan yi ba."

Anti Gyara ta jawo hoto ɗaya. Wata mata ce ke kallon ta, da gyalenta da idonta da hancinta, amma haɓa sumul kamar ta jariri. Ba ƙurji, ba tabo, ko 'yan gasun nan babu. Ta gane hannun nan take, don Maigida in ya yi gyara har ramukan fata yake shafewa. Kunya ta rufe ta, baƙin ciki ya biyo baya.

Ta yi wa likita bayani. Likita ta riƙe haɓa, ta ce ta yarda da ita, amma da waɗannan ba za ta iya cewa abin gaba yake yi ko baya ba. In akwai na asali ta kawo. In babu, sai dai a ci gaba da ƙwayar a sake tara wasu daga farko.

Ba ta bi ta gida ba. Ta faɗo shago ko sallamar kirki babu, ta wuce mutanen da ke zaune a benci suna jiran layi, ta yaye labule ta kunna kwamfuta. Ta buɗe na farko, sumul. Na biyu, sumul. Maigida a kan na asalin ya yi gyaran ya ajiye, yadda suka saba yi don kada kwamfuta ta cika. Ta leƙo ta tambayi Dogo ko suna cikin kyamara. Dogo ya sunkuyar da kai, don ita ma ta san duk yamma ake share kyamara.

Ta kwaso hotunan ta fito ta zube su a kan kantar shagon gaban Maigida.

"Maigida, wace ce wannan?"

"Ke ce mana. Ai sun yi kyau ko?"

"Wa ya ce ka taɓa su?"

Maigida dattijo ne mai sanyin magana, bai saba a yi masa haka gaban mutane ba. Ya rage murya ya ce ta shigo ciki su yi magana. Ta ce a nan za a yi. Ya ce shi wallahi alheri ya nufa. Ya buɗe ya gani, ya ji ba daɗi, ya ce yarinyar nan tana gyara na kowa, ita ba mai gyara mata. Ya zauna ya bi su ɗaya bayan ɗaya, har abincinsa ya huce. Sannan ya ƙara da cewa ai ta san doka, ga sunan shago a jikin ambulan, yaya za a yi hoto ya fita a haka.

"A haka," ta ce. "A yaya? Faɗi mana."

Ya hau tattara hotunan wuri guda, ita kuwa ta ci gaba.

"Likita ce ta ce in kawo. Ciwo gare ni, magani nake sha, kullum da safe zuciyata na tashi. Watannin nan duk na haɗiye don in kai mata abin da za ta gani ta canza min. Ka zauna ka goge min su tas. Yanzu daga farko zan sake."

Mutanen benci duk suka juyo suna kallo. Wata mata da ta zo da 'yarta ta buɗe baki, da alama wani sabulu za ta ambata. Anti Gyara ta juyo ta yi mata kallo ɗaya, matar ta mayar da bakinta ta rufe.

Maigida ya ce ta yi haƙuri, bai sani ba, da ta gaya masa. Yana maganar yana duban kantar, yana duban ƙofa, yana duban hotunan da ya gyara. A nan ne ta lura da abin da ya fi komai ci mata rai. Duk tsawon zamansu, in zai yi mata magana gefen kunnenta yake kallo ko saman kanta. Ita da ta ɗauka kunya ce irin ta manya.

Ta wuce bayan shago ta wanke zufar fuskarta a famfo, ta tsane da hankici a hankali. Ta dawo ta ja kujerar da ake zaunar da mutane, ta zauna gaban farin ƙyalle, ta tura gyalenta baya har wuyanta ya fito.

"Dogo, kunna fitilun. Duka."

Dogo ya kunna, ya ɗauko kyamara zai saita.

"Ba kai ba. Miƙa wa Maigida."

"Haba, 'yata," in ji Maigida. "Ga mutane na jira."

"Su jira. Na wannan watan za ka ɗauka, da hannunka. Ka fitar da shi yadda yake, ka sa a ambulan ɗin shago mai sunanka a jiki. In ba haka ba, ka nemi mai gyara daga gobe."

Ya dubi mutanen benci. Sannan ya zagayo daga bayan kantar ya karɓi kyamarar, ya ja baya can kusa da ƙofa ya ɗaga ta.

"Daga nan me likita za ta gani? Matso."

Ya matso.

"Ƙara."

Ya ƙara, har tana jin numfashinsa. Ya sa ido a kyamara yana murza ta don hoton ya fito tar, kuma ba yadda za a yi ya fito tar sai ya dubi abin da ke gabansa. Ta ga hannunsa ya tsaya. Ya sauke kyamarar kaɗan, ya dube ta da idonsa, haɓa da muƙamuƙi da ƙaton nan na ƙarƙashin kunne.

"Yana yi miki ciwo?" ya tambaya a hankali.

"Kullum," ta ce. Ta juya masa gefen da ya fi tashi, ta ɗaga haɓa. "Ɗauka."