Audi Magini da Jirgin da Ba Ya Sallama

Jama'a a gyara zama, mai tari ya yi tarinsa tun yanzu. Ga Malam Audi Magini na Wurma, sarkin yaɓe na ƙasar Kurfi, gwamnan saman soro, mutumin da bai taɓa shiga jirgi ba amma ya fi matuƙa da yawa daɗewa a sama. Dukiyarsa tsani ɗaya, shanun huɗa, da baki wanda ba ya gajiya da mita.

Tun daga Wurma har Dutsin-Ma, duk soron ƙasar da damina ta kusa kayarwa, Audi ake kira. Kuma kowa ya san al'adarsa. Ba ya ɗora ƙafa kan tsani sai ya buɗe murya ya ce, "Masu gida a kimtsa, za a hau sama." Sai ya tsaya ya jira, har mai wanka ta gama, mai daka ta ja mayafi. In ya hau, idonsa na kan laka. Wurin ubansa ya gaji wannan, kuma ya sha faɗa cewa abin da ka hango daga sama ba naka ba ne.

Katangar gidansa kuwa, ko raƙumi sai ya yi ɗage. A ciki akwai matarsa, Gwaggo Huseina, da Rekiya, matar ɗansa Mas'ud. Shi Mas'ud yana Zobe wurin noman rani, ya bar amarya amana a hannun uba.

To, da ɓarayin daji suka matsa wa yankin, sai jami'an tsaro suka kawo jirgin nan maras matuƙi, ɗan ƙarami mai kamara a ciki, mai ƙugi kamar zanzaro. Kuma a faɗi gaskiya, ya yi rana. Wata ranar kasuwa shi ya hango babura na taruwa a bayan gari, aka tare su tun ba su iso ba. Shanun Audi na cikin waɗanda suka tsira. Shi da bakinsa ya ce, "Allah Ya yi wa ƙarfen nan albarka."

Albarkar ba ta yi nisa ba. Wata rana da azahar Rekiya na wanka a makewayi, wanda ba shi da rufi kamar na kowa, sai ta ji ƙugi. Ta ɗaga kai, ga abu tsaye cak a samanta. Da kumfa a jiki ta faɗa ɗaki. Ko ya gan ta, ko wucewa yake yi, Allah masani. Ita dai ta ce in abin nan zai riƙa tsayawa a kanta, gidansu za ta koma, can Shema.

Audi ya tsaya bakin ƙofarta ya ce, "Ɗiyata, ki yi haƙuri. Ni magini ne. In dai rufi ne, an zo gidansa."

Ai kuwa ya tattaro zana da tsofaffin buhuna, ya kafa dirkoki, ya rufe tsakar gida kaf, tun daga zaure har makewayi. Gida ya koma kamar cikin tulu. Hayaƙin murhu ya rasa hanyar fita, kuɓewar da Gwaggo ta shanya ta yi funfuna, zakara ya rikice yana cara da la'asar.

Gwaggo na tari tana cewa, "Malam, mutuwa ce ba mu yi ba ka riga ka rufe mu?"

"Ki yi tarinki cikin sutura," in ji shi.

Rekiya dai ta fito, har ana jin dariyarta. Audi ya ɗauka ya gama da gwamnati.

Ba a daɗe ba sai ga mota a ƙofar gida, da hantsi, gari na kallo. Jami'ai ne, da mai unguwa, da Zubair ɗan sa-kai, wanda Audi ne ya gina ɗakin da aka haife shi a ciki. Zubair na sunkuyar da kai ya ce, "Baba, duk garin nan gidanka kaɗai ne ba a gani daga sama. An ce ko fetur ake ɓoyewa, ko babura."

"Ko mutane," in ji babban jami'in, cikin ladabi kuwa. "Baba, wanda ba shi da abin ɓoyewa ba ya rufi."

Audi ya dube shi sama da ƙasa. "Kai me ka sata da ka sa wando?"

Mai unguwa ya yi tarin ƙarya. Jami'in bai yi fushi ba, bai kuma fasa ba. Gidan da ko mai tallan gishiri ba ya wuce zaurensa, ranar takalman ƙarti suka zagaye shi. Suka leƙa rumbu, suka shiga ɗakin Rekiya, suka ɗaga katifa, suka buɗe kwallayen jerenta ɗaya bayan ɗaya tana tsaye jikin bango. Ba su samu komai ba sai daddawa.

Da za su fita Audi ya tare jami'in. "Wa ke kallon hotunan nan? Ɗan wane ne? Yana da uwa? In ya gama kallo ina yake ajiyewa?"

"Babura muke nema, Baba, ba mata ba. Hotuna kuma ofis suke tafiya."

"To ku riƙa sanarwa mana kafin ku tayar da jirgin. Ko mai shela ku sa."

"In muka sanar da ku, mun sanar da su. Kana son shanunka?"

Abin da ya fi ƙona wa Audi rai ke nan: jami'in ya faɗi gaskiya, kuma gaskiyar ba ta rufe makewayin kowa ba. Aka ce ya kwashe zanar kafin jirgi ya sake zagayowa.

Ka san garinmu. Ba wanda ya tambayi abin da aka samu, an dai ga an shiga. Kafin la'asar wasu har sun fara rage murya in ya wuce, kuma a wannan zamani in aka raɗa maka sunan infoman ɓarayi, ko sabulun Kano bai wanke ka. Masu soron da suka yi mashi magana kafin damina suka koma cewa, "Sai mun neme ka, Malam."

Rekiya kuwa washegari ta ɗaure kayanta. Ta durƙusa ta ce, "Baba, ba laifinka ba ne." Bai hana ta ba, don bai san da wane rufin zai sake yi mata alkawari ba. Da Mas'ud ya bugo waya daga Zobe yana tambaya, sai ya ce mashi, "Ka zo gida mu yi magana. An ce wannan ma saurare ake yi."

Ni na same shi yana naɗe zana a tsakar gida, rana ta dawo, Gwaggo na girki cikin hijabi tana zufa. Na ce, "Baba Audi, an zalunce ka. Zan rubuta labarin nan kaf, da sunanka da na mutan gidanka, in sa a waya duniya ta gani."

Bai ko ɗago ba.

"Wato na sama bai isa ba, sai kai ma ka leƙa. Ɗaga ƙafarka, ka taka mani zana."